Raƙuma Talatin da Na Raba Ban Gan Su Ba

Ko da tsufa zai sa in manta abubuwa da yawa, ba na jin zan manta shekarar da na zama mai raƙuma talatin, har na rabar da kusan rabinsu kyauta, alhali ko igiyar raƙumi ban taɓa riƙewa ba. Har yau in na tuna sai dariya ta kama ni, kunya kuma ta biyo bayanta, don ba duk abin da na yi a lokacin ne abin faɗa ba. Amma zan faɗa yadda ya faru, da nawa wautar a ciki, ba zan rage ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kiru, ba nisa da Dangora, kuma Allah ya ba mu fadama mai rake. In damina ta ɗauke, aka gama da masara da dawa, sai mu koma aikin mazarƙwaila. Ga wanda bai taɓa gani ba, inji ne mai manyan ƙarafa masu kama da turmi, suna juyawa suna haɗuwa da juna. A samansa akwai dogon itace, an ɗaure ƙarshensa a jikin doki. Doki na zagayawa, ƙarafan na juyawa, mutum ɗaya yana zaune a ƙasa yana cusa rake, ruwan na zuba a bokiti, tuka na fita ta baya. Ruwan nan ake kaiwa babban kasko a dafa har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare.

Injin da nake aiki a kansa na wani Alhaji ne a garinmu. Ba wani hamshaƙi ba ne, abin da ya mallaka a fili yake: inji ɗaya, doki ɗaya, babur, da yankin fadama. Ni ne mai cusa rake. Mai korar doki kuwa Baffana ne, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami bayan rasuwar mahaifin nawa, shi ya yi mini aure. Gandu ɗaya muke nomawa ba a raba ba, rumbu ɗaya muke ɗiba.

Aikin yana da ƙa'ida biyu da kowa ya sani. Ta farko, akwai wani katako mai rami da ake kafawa a bakin injin, rake ya wuce ta ramin, hannu kuwa ba zai wuce ba. Ta biyu, in tuka ta cushe za ka sa hannu ka cire, sai ka ɗaga murya ka ce, "Hannu!" Mai korar doki ya amsa, "Na riƙe!" ya kama linzami. Sai ka ji wannan amsar kafin ka miƙa ko farce.

Katakon namu ya tsage tun farkon kakar raken, ya faɗi. Mun gaya wa Alhaji, ya ce ranar kasuwa zai sa kafinta ya yi sabo. Kasuwa ta ci ta watse, wata ta ci ta watse, kullum maganar ke nan, ranar kasuwa. Mu ma da muka ga aiki ya fi sauri ba katakon, sai muka daina matsa masa. Ni har alfahari nake yi, ina cusa rake uku a lokaci guda don a ce na iya.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Taubashina, ɗan kawuna, wanda ke sayar da shayi a bakin hanya, ya zo shan ruwan rake na banza kamar yadda ya saba, ya tsuguna kusa da ni ya fara tsiyarsa.

"Ɗan Goggo, wai kai ne ka yi kunyar nan ta gonar yamma? Na ɗauka maciji ne ya bi ta wurin."

"Kai da ka san kunya da ba ka ƙare a wanke kofi ba," na ce masa.

Muna cikin wannan sai doki ya tsaya don kansa, ƙuda ya dame shi. Tuka kuma ta cushe a bakin ƙarfe. Bakina yana kan ramuwa, idona yana kan taubashi, sai kawai na zura hannun dama. Ban ce komai ba. Baffa yana can ɗaya ɓangaren, bai ga hannuna ba, doki kawai ya gani a tsaye. Ya ce, "Kai, tafi mana!" ya ɗan taɓa shi da tsumagiya.

Ba zafi na fara ji ba, ƙara na ji, irin wadda rake ke yi in ya shiga. Sai da na ga ruwan da ke zuba a bokiti ya canza launi sannan na ƙwalla ihu. Baffa ya yi tsalle ya rungume wuyan dokin nan, dattijo da shi, ya tura shi baya da ƙirjinsa har ƙarafan suka sake ni. Aka naɗe hannun da rawanin wani, aka ɗora ni a babur, taubashi na riƙe da ni ta baya yana salati. Daga asibitin kusa aka wuce da ni babban asibiti a birni. Da na farfaɗo, yatsu uku sun tafi: manuniya, da na tsakiya, da mai bi masa. Babba da ƙarami ne suka rage suna kallon juna.

Alhaji ya zo duba ni sau ɗaya. Ya kawo lemo, ya tsaya a ƙafar gado ya ce, "Sannu. Ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba." Ya tura ɗan abin da ya tura ƙarƙashin matashi ya tafi. Maganin da aka yi ta saye kuwa, tumakin Baffa ne suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma ina kwance ina tunanin abu guda: da wane hannu zan riƙe fartanya, da wane zan cusa rake, me matata da yara za su ci?

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani tsoho mai karaya, an rataye masa ƙafa. Mutum ne mai son hira, da alama kuma ya ɗan zauna gaban malamai. Wata rana ya dubi bandejina ya ce, "Samari, nawa suka tafi?"

"Uku, Baba."

"A bakin aiki?"

"A bakin aiki."

"To me ya sa kake kwance kamar wanda aka yi wa gobara? Ai kai mai arziki ne. A shari'a, diyyar kowane yatsa raƙumi goma ce."

Na tashi zaune ban san na tashi ba. "Baba, maimaita."

"Raƙumi goma. Uku kuwa talatin ke nan."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba! Zafin hannun ya ɗauke ɗif. Na ɗaga bandejin nan ina kallonsa kamar an ba ni takardar zuwa Makka. Allah ya yafe mini, har ƙaramin yatsan da ya tsira na harara, na ce a raina da ka bi 'yan'uwanka da arba'in ake magana. Na ji tsohon ya fara cewa, "Sai dai fa akwai..." amma ni na riga na ɗauki waya da hagu ina neman matata. Kafin in gama ihu a waya an zo an tura gadonsa zuwa ɗakin hoto, washegari kuma aka sallame ni. Ban koma na ce masa, Baba, akwai me ba. Wannan ita ce wautata ta biyu, kuma ta kusa fin ta farko tsada.

Na sauka a garinmu ba kamar majinyaci ba, kamar ango. Masu zuwa yi mini sannu da fuskar tausayi sai su tarar ina washe baki. Kafin a yi sallar la'asar labari ya zagaye gari.

Matata ce kaɗai ba ta ɗauka da zafi ba. Ta ajiye mini kunu ta ce, "Maigida, to a ina za mu ɗaure su? Tsakar gidan nan da ko akuya uku sai sun yi faɗa?"

"Za a sayi fili."

"Kuma Alhajin ne zai kawo su? Wanda dokinsa ɗaya, shi ma ana ƙirga haƙarƙarinsa?"

"Ya sayar da fadama! Ni na ce ya bar inji ba katako?"

Ta dube ni, ta ce, "Allah ya sa alheri," ta fita. Na ji haushinta a ranar, na bi ta da cewa su mata ba su san shari'a ba.

Sai rabo ya fara. Taubashi ne ya buɗe layi. "Ɗan Goggo, ni fa shaida ne, kuma rigata ce ta sha jini. Biyu zan ɗauka."

"Ɗaya, shi ma gurgu."

"Na karɓa. Amma mace nake so, in riƙa haɗa shayi da nononta."

Na ba surukina biyu. Na ba ladan ɗaya. Na ba mai babur ɗin da ya kai ni asibiti ɗaya. Wani Bafulatani maƙwabcinmu da ya zo yi mini sannu, na ce masa ya shirya, shi zai riƙa yi mini kiwonsu. Ya yi murmushi ya ce su nagge suka sani, amma in sun iso ya zo ya gani. Duk wanda ya zauna ya yi mini hira mai daɗi sai ya tashi da raƙumi. Yara suka fara bi na a hanya suna kiran Mai Raƙuma, ni kuwa ina ɗaga musu bandeji.

Da yamma na samu Baffa a zaure yana gyaran igiya. Tun da na dawo bai cika magana ba, abinci ma sai ya taɓa ya ture, na ɗauka tausayina ne kawai. Na durƙusa na ce, "Baffa, naka biyar ne. A madadin tumakinka." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ya sa takalmi ya fita. Ban san gidan Liman ya nufa ba.

Alhaji ya aiko mini da buhun masara, na ce a mayar masa, ba sadaka nake nema ba. Na bi ta ƙofar gidansa yana zaune da mutane, ban gaishe shi ba, mutumin da ya girme ni nesa, na ɗaga murya na ce wa taubashi, "A gaya wa masu hali su fara tanadin igiya!" Wannan rashin kunya ce tsantsa, ba neman haƙƙi ba, na sani yanzu. A lokacin kuwa ji nake kamar na ci yaƙi. Inji dai ya tsaya, ba wanda ya yarda ya zauna a bakinsa, rake yana ta bushewa a fadama.

Na kai ƙara wurin Dagaci. Ya sa rana, ya ce a kira Liman tunda maganar shari'a na kawo. Ranar, bayan la'asar, ƙofar gidan Dagaci ta cika maƙil. Maza a kan tabarmi ƙarƙashin ceɗiya, mata a bayan danga suna leƙe. Na sa rigata ta sallah. Duk waɗanda na ba raƙuma sun zauna a bayana kamar 'yan rakiyar ango. Alhaji yana gefe ya sunkuyar da kai, Baffa yana can ƙarshen tabarma.

Na faɗi bayanina da ƙarfi, na ƙare da cewa, "Ranka ya daɗe, raƙumana talatin nake nema, ba ƙari ba ragi."

Dagaci ya juya ga Liman. Liman ya gyara zama ya ce, "Abin da ya ji gaskiya ne. Yatsa diyyarsa raƙumi goma, ko ƙimarsu."

Wuri ya kaure! Taubashi ya toshe hanci ya rangaɗa guɗa kamar mace, ladan yana ta kabbara. Ni kam saura kaɗan in tashi in taka rawa a gaban manya. Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Amma wanda ya gaya maka wannan, ya gaya maka wa ke biya?"

"Mai inji mana, Allah gafarta Malam."

"Alhaji yana wurin lokacin da abin ya faru?"

"A'a, yana kasuwa."

"Injin da kansa yake juyawa?"

"Doki ke juya shi."

"Dokin da kansa ya tashi?"

Sai na waiwaya wajen Baffa. Liman ya ce, a hankali, "Irin wannan diyya da kake nema, ana ɗora ta ne a kan wanda aikinsa ya jawo raunin, ko da kuskure ne. Ɓarnar da dabba ta yi kuwa, mai korarta ake tambaya."

Sai na ga Baffa ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Ni na kaɗa shi, ranka ya daɗe. Na riga na je na tambayi Malam, na san inda maganar za ta faɗa. Ba ni da raƙumi. Abin da nake da shi kasona ne a gandu. A raba, a sayar, a ba yaron nan. Abin da ya rage in biya da ƙarfina in Allah ya ba ni kwana."

Wallahi ji na yi kamar an sake sa hannuna a inji. Gandun nan shi ne tuwonmu, ni da shi da iyalanmu gaba ɗaya, a cikinsa mahaifina ya yi noma har ya bar duniya. Ashe gari guda na tara, na sa rigar sallah, don a sayar da gonar gidanmu a kuma tsayar da mutumin da ya rene ni ba hula a gaban jama'a. Kuma shi ne na je na yi wa kyautar raƙuma biyar daga cikin nasa bashin!

Ban san lokacin da na rarrafa na kama ƙafarsa ba. Na ce, "Baffa, don Allah zauna. Ranka ya daɗe, akwai abin da ban faɗa ba. Ban ce hannu ba." Dagaci ya ce in yi bayani. Na ce, "Kowa a nan ya san ƙa'ida. In za ka sa hannu sai ka kira, mai doki ya amsa. Ni ban kira ba. Baffa bai san hannuna yana ciki ba."

"Wallahi bai kira ba," in ji taubashi daga baya, wannan karon ba wasa a muryarsa. "Ni yake zagi a lokacin."

Na ce, "In ma akwai wani abu a kan Baffa, na yafe, duniya da lahira." Baffa ya zauna yana share ido da hula. Ni kuma na koma wurina. Raƙuma sun tafi, yatsu sun tafi, tambayar da na kwana da ita a asibiti ta dawo ta zauna mini a ƙirji: me za mu ci?

Alhaji ya miƙe yana kaɗe riga. "To alhamdulillahi, magana ta ƙare. Dama na ce ƙaddara ce."

Sai wata murya ta fito daga bayan danga, siririya amma ta isa ko'ina. "Ranka ya daɗe, a yi tambayar katako!"

Matata ce! Matar da ko a gida sai ka kasa kunne kake jin maganarta. Mata suka ɗauka, "Ƙwarai, katako!" Dagaci ya ɓoye murmushi ya ce, "Zauna, Alhaji. Baffansa ya yafe wa, ban ji ya ambaci sunanka ba. Wane katako ne wannan?"

Masu saran rake da masu dahuwa suka yi ta ba da shaida, kowa na katse wani. Ya tsage tun farkon kaka. An faɗa masa. Ya ce ranar kasuwa. Wani ya ce shi da kansa ya ɗauki tsagin ya kai masa har gida. Dagaci ya tambayi Alhaji ko haka ne, ya ce haka ne, mantuwa ce da hidima.

Liman ya ce, "Da katakon yana nan, ko ya kira ko bai kira ba, hannun zai shiga?"

Alhaji ya ce, "Ba zai shiga ba."

"To ka gani. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musu. Amma wanda ya ɗauki mutum aiki, ya zaunar da shi gaban ƙarfe mai aibi, aka gaya masa bai gyara ba, ba zai ce ƙaddara ya kaɗe riga ya tafi ba. Shi yaron yana da nasa sakacin, ya kuma faɗa da bakinsa. Kai ma kana da naka. Sulhu ya kamata a yi."

Dagaci ya ƙara da cewa ko a dokar gwamnati, wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙi a kan wanda ya sa shi aikin. "In ka fi so a je can, sai a je. In kana so a gama a nan ƙarƙashin bishiyar nan, a gama."

Alhaji ya share gumi ya ce, "Ni fa, ranka ya daɗe, ba ni da raƙumi."

Dariyar da aka yi a wurin nan har tsuntsayen kan ceɗiya sai da suka tashi. Dagaci ya ce, "Ba wanda ya tambaye ka raƙumi. Kana da kasko."

Daga nan aka shiga ciniki kamar a kasuwar shanu. Aka tsayar cewa Alhaji zai mayar wa Baffa tumakinsa. Doki ba zai sake taka ƙafa ba sai an kafa sabon katako. Ni kuma ba za a sallame ni ba, za a mayar da ni bakin kasko in koyi dahuwa, aikin da ido da hanci suka fi yatsu amfani a cikinsa, a kan ladana na da. Sannan babbar magana: kowane mako, kaskon farko na jajibirin kasuwa nawa ne, in kwashe in sayar.

Alhaji ya ce ya yarda, amma na shekara biyu.

Baffa ya ɗago kai. "Alhaji, in shekara biyun ta cika yatsun za su tsiro ne?"

Shi kansa Alhajin sai da ya yi dariya. Ya ce, "Shi ke nan. Muddin injin nan yana juyawa." Liman ya yi addu'a aka shafa. Na tashi na je gaban Alhaji na durƙusa na nemi gafarar maganar igiya da buhun da na mayar. Ya ce, "Tashi, Mai Raƙuma. Ni ma da na ba kafinta aikinsa da duk ba a zo nan ba."

Dahuwa ba ta zo mini da sauƙi ba. Na ƙona kasko, na sauke wani bai nuna ba ya ƙi daskarewa, na sha faɗa wurin tsohon mai dahuwarmu. Riƙe doguwar muciya da yatsu biyu ma sai da na ɗaura mata tsumma. Amma ranar da aka kife kwanukan kaskona na farko, mazarƙwaila ta fito jawur tana ƙamshi, aka jera ta a kan tabarma aka ce duk wannan taka ce, ban iya tsayuwa wuri ɗaya ba. Na zagaya tabarmar nan kamar dokin inji. Na ɗauki ta farko na kai wa Baffa, ta biyu na kai wa matata, na ce mata, "Ga ladan katako." Ta ce, "Ai na ɗauka mata ba su san shari'a ba." Sauran na ɗaure a bayan keke na kai Kwanar Dangora, kafin azahar matafiya sun kwashe.

Saura aikin kunya, wato bin waɗanda na ba raƙuma. Surukina ya ce dama bai tanadi wurin ɗaurewa ba. Ladan ya ce ya bar mini nasa sadaka. Taubashi ne kaɗai ya ƙi. Ya ce kyauta ba ta komawa, raƙumarsa tana nan a wuyana. Da na gaji na kai masa mazarƙwaila guda, ya juya ta a tafin hannu, ya dubi yadda ta yi tudu kamar yadda kwano ya fitar da ita, ya ce, "To, tozon ya iso. Saura jikin." Har yau duk kakar rake sai ya zo karɓar tozo, yana ƙorafin wai raƙumar tasa a gutsure ake biyansa.

Baffa ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa, gandunmu kuwa yana nan muna nomawa da 'ya'yansa. Kaskon nan shi ya riƙe gidana a shekarun da hannun bai saba da fartanya ba. Abin da ya fi yi mini daɗi, sauran masu inji a fadamarmu sun ɗauki abin. Kaskon hannu ake ce masa. Yanzu ba mai zama a bakin ƙarfe sai an faɗa gaban mutane abin da zai samu in ya ji rauni, kuma ba mai yarda ya cusa ko sanda ɗaya ta rake in ba katako.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, wanda ya ji ciwo a bakin aikin wani yana da haƙƙi, kada ya bari a rufe masa baki da sannu da lemo. Amma in zai nema, ya tsaya ya ji magana har ƙarshenta, ya kuma fara ajiye nasa laifin a kan tabarma kafin ya nuna na wani. Ni rabin magana na ji na ruga da ita, saura ƙiris in sayar da gonar ubana da bakina. Ban samu komai ba sai bayan da na faɗi kalmar da na ƙi faɗa a bakin inji. Shi ya sa har gobe, in ina tsaye a bakin kasko na hango mai cusa rake ya miƙa hannu yana surutu, ba na jira ya kira. Ni nake ɗaga yatsun nan biyu sama in ƙwalla masa, "Hannu!" Kuma ba na sauke su sai na ji mai doki ya ce, "Na riƙe."